Dogon Yaro a Karare: Me Ke Tsakanin Tsawo da Ƙwallon Kwando?

A ƙarshen shekarun 1970 aka yi gasar wasanni ta kwalejojin horar da malamai a Sakkwato. Cikin ɗaliban da suka zo daga Legas akwai wani zabgegen yaro ɗan shekara 15, wanda ƙwallon hannu ya kawo shi, a ƙwallon ƙafa kuma gola ne. Wani abokin karatunsa ya roƙi koci ya sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando, tun da ga tsawo Allah ya ba shi. Yaron nan shi ne Hakeem Olajuwon. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, Michael Jordan ya zo na uku. A 1994 da 1995 ya ci kofi da Houston Rockets.

Masu ba da wannan labari sukan yi tsalle daga Sakkwato su dira kan kofi, kamar tsawon ne ya yi komai. Alhali shekararsa ta farko a Houston bai buga wa jami'ar ko wasa ɗaya ba, ta biyu kuma yawanci daga benci yake tasowa. Sai da ya riƙa kwashe hutun bazara yana gwabzawa da Moses Malone, gwarzon NBA na lokacin, sannan ya zama abin tsoro. Waɗannan shekaru da ake tsallakewa su ne ainihin maganar, kuma su ya kamata uba a Karare ko Ruma ko Runka, a yankin Batsari da Safana na Jihar Katsina, ya sani idan ya wayi gari ɗansa ɗan shekara 14 ya kere shi da kai guda.

Yaron da ake magana a kansa

Kusan kowace gunduma a Batsari da Safana ba a rasa irinsa. Sunansa na yanka ya ɓace, kowa Dogo yake ce masa. Sai ya sunkuya zai shiga zaure. In ya kwanta, ƙafafunsa a ƙasa suke, tabarma ta ƙare tun a ƙwauri. Yadin da ke yi wa sa'o'insa riga da wando, shi riga kawai yake fitar masa. Ranar kasuwa ya bi rumfunan 'yan takalma ɗaya bayan ɗaya, lamba 45 ce ƙarshe, sai ya haƙura da silifas, dunduniya na taka ƙasa. A aji can baya ake tura shi don kada ya tare allo, gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Yara na bin sa da waƙar tsokana, manya na cewa, "Malam, wannan yaro naka ai sai soja ko kwastan." Da yawansu sukan fara tafiya a ranƙwafe don su rage kansu, har abin ya zame musu jiki.

Yanzu wayar hannu ta ƙaro wata murya. Matasa sun ga bidiyon 'yan wasan NBA irin su Victor Wembanyama da Joel Embiid, sun ji kuɗin da ake ambata, sai shawara ta koma, "A kai shi ƙwallon kwando, ai ya gama warkewa." Shawarar tana da tushe. Kwandon yana rataye ne a tsayin mita 3.05, ƙafa 10 ke nan, kuma matsakaicin ɗan wasan NBA yana kusa da mita 2. Koci na iya koyar da jifa da gudu da dabara, amma ba ya iya ƙara wa yaro ko inci ɗaya. Sai dai hanyar daga nan zuwa can tana da tsari, kuma in an sa na baya a gaba, yaron ne ke biya da jikinsa.

Likita kafin koci

Tambaya ta farko ita ce, daga ina tsawon ya fito? Mafi yawansa gado ne. Masana na ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawo tsakanin mutane daga iyaye yake. Likitocin yara suna da lissafi mai sauƙi: a haɗa tsawon uba da na uwa a santimita, a ƙara 13 in namiji ne, a rage 13 in mace ce, a raba biyu. Yawancin yara kusa da wannan adadi suke tsayawa. In dangin dogaye ne, kaka dogo, kawu dogo, to hankali ya ɗan kwanta. In kuwa iyaye matsakaita ne, yaro ya wuce lissafin nesa ba kusa ba, sai a nemi dalili a asibiti.

Dalilai biyu ne suka fi tayar da hankali. Na farko ƙari ne da ke fitowa a wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke fitar da sinadarin girma. Ƙarin kan sa sinadarin ya yi yawa, yaro ya yi ta tsawo ba tsayawa. Alamominsa sun haɗa da ciwon kai mai naci, raguwar gani ta gefen ido, yawan gumi, da girman haɓa da tafin hannu. Gheorghe Mureșan na Romaniya, mai mita 2.31, wanda ya buga NBA a shekarun 1990, wannan lalura ce ta ba shi tsawonsa. Ana gano ta da gwajin jini da hoton ƙwaƙwalwa, ana kuma magance ta da tiyata ko magani.

Na biyu shi ne ciwon Marfan, wanda ke samun kimanin mutum 1 cikin 5,000. Mai shi kan kasance siriri, yatsu zara-zara, in ya buɗe hannuwa faɗinsu ya fi tsayinsa sosai, ƙirji ya lotsa ko ya turo, ido ba ya hangen nesa. Haɗarinsa yana cikin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya: takan buɗe sannu a hankali, wata rana ana tsakiyar gudu ta yage. Haka ya faru da Flo Hyman, tauraruwar ƙwallon raga ta Amurka, wadda ta faɗi ta mutu ana cikin wasa a Japan a 1986. Isaiah Austin kuwa ya tsira ne saboda gwaji: a 2014, saura kwanaki kaɗan a yi zaɓen NBA, likitoci suka gano ciwon a jikinsa, aka dakatar da shi. Akwai wani gwaji da uwa ma za ta iya yi a tsakar gida: yaro ya zagaye wuyan hannunsa da babban yatsa da ƙaramin yatsan ɗaya hannun. In suka haɗu har suka hau juna da sauƙi, wannan ba hukunci ba ne, amma ya isa dalilin zuwa a ɗauki hoton zuciya. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, nan ne ake samun likitocin zuciya da na yara da za su duba. Kuɗin mota da na gwaji za su yi wa manomi nauyi, amma babu kuɗin da za a kashe wa wannan yaro da ya fi su muhimmanci.

Jikin da bai gama haɗuwa ba

In lafiya ta tabbata, abu na gaba shi ne a fahimci yadda jikin ke girma. Yaro namiji yakan yi tsawo mafi sauri wajen shekara 13 zuwa 14, har ya ƙara kusan santimita 10 a shekara guda. 'Yan mata sukan riga su da kamar shekara biyu. Girman ba ya zuwa tare. Tafin ƙafa da hannu ke fara yin gaba, sai ƙwauri da cinya, gangar jiki ta biyo baya, tsoka da ƙarfi su zo a ƙarshe. Shi ya sa dogon yaro ke tuntuɓe da abin da kowa ya tsallake, a jefa masa ƙwallo ta kuɓuce. Masu kallo su ce ragon banza ne. Ba ragwanci ba ne. Ƙwaƙwalwarsa ce ke koyon sarrafa gaɓoɓin da tsawonsu ke sauyawa kowane wata.

A bakin kowane dogon ƙashi akwai guringuntsi, ta nan ƙashin ke ƙara tsawo, kuma ba ya rufewa sai wajen shekara 16 zuwa 18, wasu ma su ɗan wuce. Wannan wuri ya fi jijiyoyin da ke manne da shi rauni. Yaron da ake sa shi tsalle safe da yamma a kan siminti, nan da nan zai fara kuka da ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, wani ƙullutu ya taso a wurin, ko dunduniya ta hana shi taka ƙasa. Maganinsa hutu ne da rage tsalle, ba a ce masa ya daure shi namiji ne ba. Ga kuma wata doka ta halitta: nauyin jiki na ƙaruwa da sauri fiye da ƙarfin ƙashin da ke ɗauke da shi. Dawa ma in ta yi tsawo fiye da kaurin kararta, ita iska ke fara kwantarwa. Ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa su ke shan wahalar. Yao Ming na Sin, mai mita 2.29, ya ajiye wasa a 2011 yana ɗan shekara 30 kacal saboda karayar ƙafa da ta yi ta dawowa. Embiid, wanda aka ɗauka na uku a 2014, sai da ya yi kakar wasa biyu cur a zaune saboda ƙashi ɗaya a ƙafarsa, bai fara bugawa ba sai 2016. Wembanyama da masu horar da shi a Faransa sun ɗauki darasi, shi ya sa ake ganinsa kafin wasa ba takalmi, yana motsa yatsun ƙafa da miƙa jiki.

A 2016 hukumar NBA da hukumar ƙwallon kwando ta Amurka suka fitar da ƙa'idojin horar da yara. Cikinsu akwai cewa kada yaro ya keɓe kansa ga ƙwallon kwando kaɗai kafin shekara 14, kuma a ba shi aƙalla kwana ɗaya na hutu a mako. Wannan albishir ne ga yaron karkara, domin yana nufin bai makara ba. Olajuwon da kansa ya sha faɗin cewa tsaron raga ne ya koya masa sarrafa ƙafa. Embiid ƙwallon raga da ta ƙafa yake yi a Kamaru har shekara 15. Yaron Karare kuwa yana da langa, wadda ke koyar da tsayuwa da juyi a kan ƙafa ɗaya, yana da kokawa da ke ƙarfafa ƙugu da baya, ga tamaula a kowane fegi. Kada a hana shi su don wai ana tanadinsa.

Wani kuskure da kociyoyi ke yi shi ne su dasa dogon yaro ƙarƙashin kwando, aikinsa kawai ya miƙa hannu ya cafe ya zura. Makaranta za ta ci kofi da haka, yaron kuwa ya tashi bai iya komai ba. Ranar da ya haɗu da tsararsa a tsawo, kasuwarsa ta watse. Wasan yau yana son dogon da ya iya tafiya da ƙwallo da hannu biyu, ya iya miƙa wa abokin wasa, ya iya jifa daga nesa. Waɗannan ana koyonsu da ƙwallo ɗaya da bango, ba sa kuma cin gwiwa.

Abinci da barci

A nan ne maganar ta fi zafi a yankinmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka mutu a cibiyoyinta na Jihar Katsina a wata shida na farkon 2025 saboda tamowa. Batsari da Safana, da ke bakin dajin Rugu, sun yi shekaru manoma ba sa iya zuwa gonakin nesa saboda ɓarayin daji, an kore shanu, garuruwa sun tashi. Tsawon da yaro ya rasa a shekara biyun farko na rayuwarsa da wuya ya dawo duka. Saboda haka wanda ya kai mita 1.95 a wannan hali, da tuwon dawa da miyar kuka, wataƙila ma an ci shi bashin wasu santimita. Akwai kuma da yawa da jininsu na dogaye ne, yunwa ta tsayar da su tun suna goye.

Yaron da ke tsawo kuma yana motsa jiki cinsa ya fi na kowa a gida, kuma ba haɗama ba ce. Abin da ƙashi da tsoka ke nema akwai shi a kasuwar Batsari: wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, nono da fura, zogale, busasshen kifi, ga dankali da rogo don ƙarfi. Ƙwai ɗaya da kofin nono a kullum sun fi duk wani garin gwangwani da ake tallarsa a TikTok da sunan maganin ƙara tsawo. Babu wani irin wannan magani da ke ƙara wa lafiyayyen yaro tsawo. Barci ma abinci ne, domin cikin barci mai nauyi jiki ya fi sakin sinadarin girma, matashi kuma na bukatar awa 8 zuwa 10. Azumi ba ya hana wasa: Olajuwon yana azumi aka zaɓe shi gwarzon wata a NBA a Fabrairun 1995. Amma shi baligi ne da jikinsa ya gama ginuwa. Yaro mai tasowa a mayar da horonsa bayan buɗa-baki, a kuma kyautata masa sahur.

Ina hanyar take?

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. A Zariya Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors ta NBA, ya tashi, can ya fara wasa yana ɗan shekara 13, ya kuma samu horo a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe yana rainon 'yan wasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin ƙasa a ƙwallon kwando, ga Gombe Bulls. Gasar Milo ta makarantun sakandare, da ake yi tun 1999, tana farawa daga jiha zuwa shiyya zuwa ƙasa, ta nan kuma ake fara ganin yara da yawa. Sama da wannan akwai sansanonin horo na Giants of Africa, wadda Ujiri ya kafa a 2003, da makarantar NBA ta Afirka da ke Saly a Senegal.

Khaman Maluach ya nuna cewa wannan tsani yana hawuwa. An haife shi a Sudan ta Kudu a 2006, yaƙi ya kai danginsa Uganda, bai san wasan ba sai wajen shekara 13. Makarantar Saly ta ɗauke shi, ta haɗa masa karatu da abinci da likita. A 2023 ya buga gasar cin kofin duniya yana ɗan shekara 16, ya yi shekara guda a Jami'ar Duke, a 2025 aka ɗauke shi na 10 a zaɓen NBA. Ɗan gudun hijira ne shi ma, kamar yaran da rikici ya kora zuwa garin Batsari da Dutsin-Ma da Katsina. Bambancin shi ne a inda yake akwai fili da kwando da mutumin da ya san abin da yake gani.

Matakin farko na tsanin ne ya ɓalle a wurinmu. Makarantun karkara da yawa ba su da malamin wasanni, balle kwando. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, an rufe makarantun kwana na wani lokaci, su ne kuwa wuraren da aka saba tsintar 'yan wasa. Amma abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne da 15, bai kai kashi ɗaya cikin 15 na filin ƙwallon ƙafa ba. Siminti ne da ƙarfe biyu da allo, mai walda na gari zai haɗa. Jihar da ta rungumi ƙwallon dawaki tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko har ta yi suna da shi ba za ta ce wasan baƙi ya gagare ta ba. 'Yan mata ma suna da rabo: D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ta kuma kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Doguwar yarinyar da ake yi wa gorin wa zai aure ta, fili mai katanga da malama mace a makarantar 'yan mata za su iya sauya mata lissafi.

Dillalai da takardu

Da zarar bidiyon dogon yaro ya zaga, masu zuwa za su zo. "Baba, ka ba ni yaron nan, ina da hanya a Amurka, kuɗin fasfo da biza kawai za ka kawo." Wani uban ya sayar da gona ko shanun huɗa. Wasu yaran ba sa wuce Legas. Wasu sun isa, suka tarar da abin da ba a faɗa musu ba. A 2017 'yan jarida sun bankaɗo yadda aka tara yara 'yan ƙasashen waje, har da 'yan Najeriya, a gida ɗaya a garin Paterson na jihar New Jersey don su buga wa wata sakandare, cikin ƙorafin ƙarancin abinci da takardun da ba su cika ba. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: makarantar kirki ko sansanin kirki ba ya aiko ɗan tsakani ya karɓi kuɗi a zaure. A nemi takarda da sunan makarantar, a kai wa shugaban makarantar yaron da hukumar wasanni ta jiha su bincika, kada a sa hannu kan abin da ba a karanta ba, kada fasfon yaro ya kwana a hannun wani.

Sai batun shekaru. Mita 2 a shekara 14 da mita 2 a shekara 19 ba farashinsu ɗaya ba, shi ya sa dillali ke son a rage. Ƙarya ce mai ƙarewa da kunya, tana kuma ɓata lissafin likita da na koci, waɗanda ke auna nauyin horo da shekarun gaskiya. A karɓar wa yaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da ranarsa ta ainihi, a tsaya a kanta.

Lissafin da bai kamata a ɓoye wa yaro ba shi ne wannan: ƙungiyoyi 30 ne a NBA, kuma kimanin mutum 60 ake ɗauka a shekara daga duniya baki ɗaya. Wanda ya bar aji don wannan ƙofa kallon kitse yake yi wa rogo. Amma wasan yana da wasu ƙofofin masu faɗi: gurbin karatu a jami'a, ƙungiyoyin gida, gasar BAL ta Afirka da aka fara a 2021, aikin koci da alƙalanci da kula da 'yan wasa. Kusan dukkansu takardar sakandare suke fara tambaya. Ujiri bai taɓa buga NBA ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofi a 2019, kuma ilimi da iya hulɗa ne suka kai shi.

Saboda haka kiran a bayyane yake. Hukumomin ilimi na Batsari da Safana su sa a riƙa auna tsawon ɗalibai sau ɗaya a kowane zango, a rubuta, wanda ya fita daban a tura shi asibiti kafin a tura shi fili. Ma'aikatar wasanni ta jiha da 'yan majalisar yankin su gina fili ɗaya a babbar sakandaren kowace ƙaramar hukuma, su horar da malami ɗaya da zai riƙe shi. Iyaye kuma su bi abin a jere: a duba zuciyarsa, a ciyar da shi, a bar shi ya yi barci, a bar shi a aji, a yi haƙuri da shi har jikinsa ya haɗu. Wanda duk ya zo da maganar jirgi kafin waɗannan, a ba shi ruwa ya sha, a sallame shi.